Sharhi Kan Taswirar Bango Ta Tarihin Tarayyar Najeriya

Taswirar da wani shagon littattafai a Samaru, Zariya, yake sayarwa ta dace da ɗaliban sakandare, domin ta nuna yadda Najeriya ta tashi daga ƙasar da Lugard ya haɗe Arewa da Kudancinta a 1914 har ta zama tarayya mai jihohi 36 a 1996.

Inda ta fi ƙarfi shi ne jerin ƙananan taswirori na ƙasa. Ana ganin yankuna uku na tsarin mulkin 1954, da jihohi 12 na Gowon a 1967, lokacin da Zariya ta faɗa cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, sannan 19 na Murtala a 1976, wanda a nan ne jihar ta koma Kaduna, kafin a cire Katsina daga cikinta a 1987.

Sai dai takardar ba ta da kauri, kuma rubutun ya yi ƙanana ga wanda yake zaune a bayan aji. Rabon iko tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi kuwa, layi biyu kacal aka ba shi, don haka dole malami ya cike wannan giɓi da kansa.