Babbar fistol ko matsakaiciya: wacce ta fi zama a hannu?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: yatsunka gajeru ne, babbar fistol ɗin, wato bindigar hannu, da aka ba ka a filin koyon harbi ta cika maka hannu har sai ka murɗa ta kafin manuninka ya kai ga kunama, shin matsakaiciya za ta fi zama maka? A mafi yawan lokuta amsar ita ce a'a. Idan masana'anta ta rage bindiga daga babba zuwa matsakaiciya, tsawo take yankewa, wato tsawon bututu da tsawon mariƙi. Kauri kuwa yana nan yadda yake, kuma kaurin ne ya dame ka.

Mu ɗauki Glock 17 da Glock 19, domin gida ɗaya suka fito, harsashinsu ɗaya, mai milimita 9, kuma su aka fi yin awo da su. Ta 17, wadda sojojin Austiriya suka karɓa a 1982, tsayinta daga saitin da ke samanta zuwa gindin magazin, wato gidan harsashi, milimita 139 ne, tana ɗaukar harsashi 17, bututunta milimita 114. Ta 19, wadda ta biyo baya a 1988, tsayinta milimita 128, harsashi 15, bututu milimita 102. Bambancin mariƙin ke nan milimita 11, bai kai faɗin yatsa ɗaya ba. Amma faɗinsu ɗaya ne, nisan da ke tsakanin bayan mariƙi da fuskar kunama ma ɗaya ne, milimita 70 a samfuri na huɗu da na biyar. Wanda yatsansa bai kai kunamar 17 ba, ba zai kai ta 19 ba. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Dalili kuwa magazin ne, gidan harsashin da ke shiga cikin mariƙi. A duka biyun harsasai layi biyu suke hawa, suna saɓa wa juna, dole mariƙi ya yi faɗin da zai haɗiye su. Tsawon harsashi shi ke yanke nisan gaba da baya. Shi ya sa fistol mai cin harsashin .45 ko milimita 10 a layi biyu take zama dam a hannu ko da an gajarta ta.

Abin da ke faruwa da kai yana da sakamako a kan abin saiti. Riƙo na daidai shi ne bayan mariƙi ya zauna a tsakiyar kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni, bututu ya miƙe da ƙashin hannunka. Idan ka murɗa hannu don ka cim ma kunama, bayan mariƙin ya koma kan gaɓar babban yatsa. Shurin bindiga sai ya daki gaɓar maimakon ya bi ta ƙashin hannu, yatsa kuma ya riƙa tura kunama gefe maimakon ya janyo ta baya a miƙe. Ga mai harbi da dama, harsasai kan taru a hagu, galibi ƙasa-ƙasa. Sai mutum ya yi ta gyara saiti alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Maganinka yana wuri uku. Na farko, ɓawon bayan mariƙi da ake cirewa a sauya. Walther P99 na cikin waɗanda suka fara kawo shi a ƙarshen shekarun 1990, yanzu fistol na roba da yawa suna da shi. A Glock samfuri na huɗu, na 2010, da na biyar, mariƙin tsirara shi ne mafi ƙanƙanta, ɓawo matsakaici yana ƙara milimita 2, babba yana ƙara 4. Da yawa ba su san an ɗora wa wadda suke riƙe da ita ɓawo ba, don haka ka duba wannan kafin komai. Heckler & Koch sun wuce nan a P30 da VP9, inda ake sauya baya da kuma gefe biyu, kowanne girma uku, har haɗi 27 ake iya fitarwa. SIG P320 kuma gaba ɗaya mariƙin ake cirewa a sa wani, ƙarami ko matsakaici ko babba, kayan cikin suna nan yadda suke. Na biyu, fistol siririya, irin Glock 43X da 48 da suka fito a 2019. Tsayin 43X milimita 128 ne, daidai da na 19, amma faɗinta milimita 28 ne inda 19 ke da 34, nisan kunama ma ya ragu. Harsashi 10 take ɗauka, farashin sirantar ke nan. Na uku, irin kunamar. Beretta 92 da CZ 75 suna da kunamar da a harbin farko take tsayawa can gaba, da nauyin ja kusan kilo 5, sannan daga harbi na biyu ta dawo kusa ta yi sauƙi. Mai gajerun yatsu a harbin farkon yake shan wahala, kuma matsakaitan samfuransu ba su rage wannan nisa ba.

To, ina amfanin tsawon mariƙin? A nan babba ta yi wa matsakaiciya fintinkau, kuma ya kamata a tsaya a kai.

Bututu yana sama da hannu, don haka idan an harba, bindiga ba baya kawai take yi ba, juyawa take so ta yi, baki ya ɗaga sama, gindin mariƙi ya tura gaba. Yatsan da ya fi nisa daga bututu shi ya fi ƙarfin hana wannan juyi, kamar yadda wanda ya kama ƙarshen ƙota ya fi wanda ya kama kusa da ruwan gatari ƙarfin sarrafa shi. Wannan yatsa shi ne ƙaramin. A babbar fistol yana samun wurin zama cikakke, har da saura. A matsakaiciya, mai madaidaicin hannu yana samun wuri daidai wa daida, mai faɗin tafi kuwa rabin yatsan ne a kan mariƙi, rabi a kan gindin magazin. A 'yar ƙarama irin Glock 26, mai tsayin milimita 106, ƙaramin yatsa a iska yake, sai dai a naɗe shi ƙarƙashi. Harbi ɗaya a natse ba ya nuna bambancin. Harbi a jere ne ke tona asiri, domin saiti ya fi daɗewa kafin ya dawo, riƙo kuma yana zamewa har sai an gyara hannu bayan harsashi uku ko huɗu.

Hannu na biyu ma yana da haƙƙi a mariƙi. Bayan hannun harbi ya kama, akwai filin da ya rage a gefe tsakanin kan yatsu da gindin babban yatsa, nan gindin tafin hannu na biyu yake mannewa. Yawancin ƙarfin danne bindiga daga nan yake zuwa. Gajeren mariƙi yana rage filin daga ƙasa, siririn mariƙi kuma yana rage shi daga gefe, domin yatsun mai dogon hannu sukan zagaye su rufe shi kaf, hannu na biyu ya rasa roba ya kama yatsu kawai. Wannan ne ya sa mai babban hannu ya fi samun natsuwa da babban ɓawo ko da yatsansa na kai kunama ba tare da shi ba.

Akwai matsalolin da kusan gajeren mariƙi ne kaɗai ke haifar da su. Gindin tafin hannu kan leƙo ƙasan mariƙi, idan an danna maɓallin sakin magazin sai ya maƙale a tafi maimakon ya faɗo. Wajen cusa sabo kuma fatar tafi kan shiga tsakanin mariƙi da gindin magazin, a mintsine ta har ta tara jini. Magazin ɗin babba yana shiga ƙarama a gida ɗaya, na 17 yana aiki a 19, na 19 ne ba ya kai wa a 17, amma yana barin giɓi a ƙasa wanda ke ƙara wannan mintsinin, kuma a wasu bindigogi idan an buga shi da ƙarfi yayin da silaid, wato saman bindiga da ke komawa baya a kowane harbi, ke buɗe yakan wuce iyaka ya daki ƙarfen da ke cilla kwanso waje. Ana sa masa zoben roba da ke cike giɓin. Sai dai duk wanda ya sa dogon magazin a gajeren mariƙi ya dawo da tsawon da ya gudu daga gare shi.

Wasu matsalolin kuma na kowa ne. Silaid yakan yanki fatar mai kaurin hannu idan leɓen da ke saman bayan mariƙi gajere ne. A fistol mai guduma a waje, irin Browning Hi-Power, gudumar ce ke cizo. Babban yatsa da ya kwanta a kan maɓallin tsayar da silaid yana hana shi tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe, kuma hakan ya fi yawa inda wuri ya yi ƙunci. Sakin wuyan hannu kuma yana sa jikin bindiga ya bi silaid baya, silaid ya kasa kammala tafiyarsa, kwanso ya maƙale a tsaye a baki. Bindiga mara nauyi da aka riƙe da yatsu biyu ta fi saurin yin haka.

Maganar nauyi da saiti ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Tsakanin 17 da 19 babu magazin bambancin giram 20 zuwa 30 ne kacal. Tazarar saitin gaba da na baya milimita 165 ce da 153. Idan ka kauce da milimita ɗaya, a nisan mita 25 kuskuren zai kai santimita 15 a babba, 16 a matsakaiciya. Ɗan juma ne da ɗan jummai. Bambancin nauyi na gaske yana tsakanin roba da ƙarfe, domin CZ 75 ta ƙarfe kusan kilo ɗaya ce, kuma nauyin nan yana shanye shuri.

Kusurwar mariƙi kuma ba ruwanta da babba ko matsakaiciya, ta gida ce. Ana lissafa ta fistol ƙirar Colt 1911 a kan digiri 18, ta Glock wajen 22, shi ya sa wanda hannunsa ya saba da ɗaya yakan ga bakin ɗayar ya ɗaga ko ya sunkuya idan ya miƙa ta. Sabo ne ke gyara shi. Abin da ke canzawa da girma shi ne tudun da ke ƙasan bayan mariƙi, domin a gajeren mariƙi yakan faɗo a wani wuri dabam na tafin hannu, wani ya ji daɗinsa, wani ya ji yana tokarinsa. Haka ramukan yatsu da Glock ta sa a gaban mariƙi a samfuri na uku ta cire a na biyar, a 2017: a 19 sun fi matsuwa, mai kaurin yatsu yakan tsinci yatsansa a kan tudu maimakon cikin rami. Cire su da aka yi daidai ne.

Inda matsakaiciya ta yi nasara wuri ɗaya ne, amma muhimmi ne: ɗauka a jiki, ga wanda doka ta ba izini. Bututu yana kwanciya cikin kube ya bi jiki, gindin mariƙi ne ke turo riga, don haka milimita 11 ɗin nan a kugu ake jin su. Mariƙi mai kaushi sosai, irin na fistol ɗin M&P M2.0, yana riƙe hannu mai gumi amma yana gurzar fata da tufa duk yini. Inda ba a buƙatar ɓoyewa, masana'antu sun nuna inda suka karkata. Glock 19X da Glock 45 na 2018 gajeren silaid ne na 19 a kan cikakken mariƙin 17, M18 ta sojojin Amurka ma an gajarta bututunta ne aka bar mata magazin mai harsashi 17 irin na babbarta M17.

Ga yadda za ka gwada kowace ce. Cire magazin, ja silaid baya, duba ɗakin harsashi, wato gindin bututu inda harsashi ke zama, da ido da yatsa, bakin bindiga yana fuskantar inda babu kowa. Da hannunka na biyu ka dasa mariƙin a kwarin babban yatsa, sama iyakar iyawa, bututu a miƙe da hannu. Ba tare da ka motsa riƙon ba, ka ɗora manuni: tsokar gaɓar farko ta kwanta a fuskar kunama, kuma a ga ɗan haske tsakanin sauran yatsan da jikin bindiga. Idan kan yatsa kawai ya taɓa, ta yi maka kauri. Idan ya wuce har gaɓa ta biyu, ta yi maka siranta, ƙara ɓawo. Sannan ka duba ƙaramin yatsa ko ya samu wuri, ka ɗora hannu na biyu ka ji ko tafinsa ya taɓa mariƙi, ka sa magazin da babu komai cikinsa, ka danna maɓallinsa ka ga ko zai faɗo da kansa. Daga nan ka rufe ido, ka miƙa ta, ka buɗe ka ga inda saiti ya tsaya. A yadda ka bayyana hannunka, ka fara da babbar da ka riƙe a cire mata ɓawo, idan har yanzu yatsa bai kai ba ka nemi siririya mai cikakken tsawon mariƙi.