EM34 ta dushe: 6E5S ko 1629?

Malam, ka ce koren idon rediyonka EM34, kwalbar da ke nuna an kama tasha daidai, ya dushe har sai cikin duhu ake ganinsa, kana tambaya wanne ya fi tsakanin 6E5S da 1629 don maye gurbinsa. Kafin ka kashe kuɗi, auna resistocin nan biyu na megohm ɗaya da ke jikin soket. Tsufa kan sa ƙarfinsu ya hau, ido ya daina motsi alhali kwalbar lafiyarta lau. Ƙafa ta 5 ta kwalbar kuma ya kamata ta nuna kusan volt 250. In duk sun yi daidai, sinadarin da ke ba da koren haske ne ya ƙare, wannan ba ya gyaruwa.

6E5S ta Rasha ce, ƙafa takwas kamar EM34, filamen ɗinta, wato wayar da ke ɗumama ta, ma volt 6.3. Tana jan 0.3A inda EM34 ke jan 0.2A, ƙarin da taransifoma ba za ta ji ba. Tana shiga soket ɗin, amma jerin ƙafafun ya bambanta: cire wayar ƙafa ta 6 ka naɗe ta da tef, mai da ta 5 zuwa 6, ta 4 zuwa 5. Ta ɗan fi kauri, sai ka sassauta maɗaurin.

1629 ta sojojin Amurka ce tun Yaƙin Duniya na Biyu. A nan musanya 4 da 5 za ka yi, ka cire 6. Matsalarta filamen: volt 12.6 take so a 0.15A. Ka ba ta 6.3, ba za ta yi zafin kirki ba. Dole ka haɗa mata da'irar ninka wuta da diyod 1N4007 biyu da kondensa biyu na 1000µF, duk ana samunsu a Sabon Gari, ko ka ƙara ƙaramar taransifoma ta volt 12.

Dukansu inuwa ɗaya gare su a cikin koren hasken, ba biyu irin EM34 ba, kuma suna rufewa tun wajen volt 8, don haka tasha mai ƙarfi kamar Rediyon Kano za ta rufe idon ruf. Resista biyu masu raba wutar a ƙafar girid, wato sabuwar ta 5, suna maganin hakan.

Ni 6E5S zan ɗauka, aikinta bai wuce dalma ba. Zare filogi, ka sauke cajin manyan kondensa kafin ka taɓa soket.