Akwatin roba na macijin bisa itace: wanne ya dace da yanayin Yamai?

Macizan da suka fi shiga hannun masu kiwo a wannan rukuni biyu ne: koriyar mesa ta Niyu Gini da Indonesiya, da kuma koren bowa, wani maciji mai kama da mesa, na dajin Amazon. Dukansu ƴan daji mai laima ne. Suna son zafi tsakanin digiri 26 da 30 da rana, danshin iska kuma kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. A Yamai, lokacin hunturu danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Afrilu da Mayu kuma zafi ya zarce 40. Saboda haka abin dubawa na farko shi ne ko akwatin yana riƙe danshi ba tare da ya dafa dabbar ba.

Allon PVC mai kumfa a ciki, irin wanda masu allunan talla ke kira Forex, shi ya fi. Ba ya shan ruwa, ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi, kuma yana hana zafi shiga da fita da sauri. A nemi mai kaurin milimita 10 zuwa 12. Mai milimita 5 ya fi araha, amma rufinsa yakan lotsa a tsakiya, sai ƙofar gilashi ta cije ta ƙi zamewa. Ga babban maciji, tsawon akwati santimita 90, faɗi 60, tsayi 60 ya wadatar. Da yawa suna neman dogo kamar kabad don an ce macijin itace ne. Kuskure ne: a kwance yake miƙewa bisa reshe, kuma tsawon akwatin ne ke ba shi gefe mai ɗumi da gefe mai sanyi. A toshe kusurwoyin ƙasa da silikon irin na akwatin kifi, wanda ba shi da maganin funfuna, a bar shi kwanaki har warin ya gushe kafin a saka dabba.

Robar ajiyar kaya mai murfi, wadda ake samu a Babbar Kasuwa, ta dace da ɗan maciji a shekararsa ta farko. Mai kamar santimita 30 a 20 a 20 ta isa. A huda ramuka na milimita 3 a gefe biyu da ƙusa mai zafi, a goge bakinsu kada su yanke hanci. Aibinta murfi: ta sama ake buɗewa, maciji kuwa yakan ɗauki hannun da ya sauko masa a matsayin abokin gaba, sai sara. Murfin da ba shi da maɗauri a kowane gefe, tura shi zai yi ya fice.

Akiriliki, wato roba mai kama da gilashi, yana da kyan gani, amma danshi na lanƙwasa shi, ƙurar hunturu kuma ta karce shi duk shafawa. Ba mu ba da shawararsa ba, ko don ƙofa.

Reshe ya zama tiyon PVC mai kauri daidai jikin macijin, a goge shi da takardar yashi don kada ya yi santsi. A ɗora shi bisa mariƙi yadda za a ciro shi tare da dabbar, domin fizgar ɗan maciji daga reshe na iya lalata masa ƙashin wutsiya. Rassan su zama biyu ko uku, ba a tsayi ɗaya ba.

Ramukan iska su kasance kaɗan a ƙasa, kaɗan a sama. Rufin raga yana kwashe danshi da sauri, saɓa ta manne a ido da bakin wutsiya. Akwatin da aka toshe gaba ɗaya kuma yana jawo ƙuraje a ciki da ciwon numfashi. A fesa ruwa da yamma, a bari ya kusa bushewa kafin fesawa ta gaba, a ajiye faffaɗan kwanon ruwa a ƙasa.

Babu robar da ke sanyaya iska. In ɗakin ya wuce digiri 33 kuma kuran ya ɗauke, ran macijin yana cikin haɗari, don haka wanda ba shi da kilim da batir ko sola ya dakata da sayen macijin. Na'urar ɗumamawa ta daren Disamba da Janairu ce kawai, kuma sai an haɗa ta da abin da ke kashe ta in zafi ya kai iyaka. Macizan nan biyu suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, a nemi takardunsu wurin mai sayarwa. Koren macijin da aka kamo a daji kuwa kada a taɓa shi, akwai masu dafin kisa a cikinsu.