Gargaɗi ga masu haɗa manhaja: dala 180 na biya don taurarin da ake raba wa kowa

Ina rubuta wannan raina a ɓace, domin an karɓe mini dala 180 a kan abin da bai kai kwabo ba, sannan aka zubar mini da mutuncin da na daɗe ina ginawa a wurin masu sayen manhajata. Dala 180, a wannan marra da canji ya kai inda ya kai.

Ni kaɗai nake aikina, babu kamfani a bayana. Manhajata ƙarama ce ta kwamfuta, tana riƙe wa masu kemis lissafin kaya da na bashi, tana kuma faɗakar da su idan wa'adin magani ya kusa ƙarewa. Wani mutum ya aiko mini imel yana cewa aikinsu shi ne ɗora manhajojin masu zaman kansu a ɗaruruwan shafukan sauke manhaja, inda editoci za su gwada ta su ba ta maki, wato taurari. Ya nemi in shirya masa fayil ɗin PAD, wato takardar bayanin manhaja da ƙungiyar masu haɗa manhaja ta Amurka mai suna ASP ta fito da ita don shafukan su riƙa kwasar suna da siga da adireshin saukewa kai tsaye. Wanda ya san PAD ɗan sana'a ne, don haka na saurare shi. Na tambaye shi ƙarara ko sayar da taurarin suke yi, ya amsa da cewa: "Mu ba ma sayar da tauraro, editoci ne suke sakawa su gwada da hannunsu." Wannan jimlar ce ta sa na tura dala 120. Har yau ina komawa in karanta ta, ina neman inda ƙaryar ta leƙo, kuma babu, an tsara ta tsaf.

Masu cewa na yi sakaci su dakata. Na nemi jerin shafukan, ya turo. Na buɗe su, suna nan, da manhajojin da na sani a ciki. Na nemi rasit, ya bayar. Me ya rage da mai hankali zai yi?

Mai kemis ɗin da ya fara sayen manhajata ne ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce: "Malam, yaron shagona ya sauke sabuwar sigar daga wancan shafin mai taurari, yanzu kwamfutar ta cika da talla, ko shafin farko na burauza ya canza." Kafin wannan kiran ma na riga na ƙara biyan dala 60, wadda ya ce ta lambar "zaɓin edita" ce. Dala 120 da dala 60, shi ne 180 ɗin. Taurarin kuwa tun kafin 60 ɗin suka fara zubowa, imel bayan imel, kowanne da hoton taurari biyar masu ruwan gwal da roƙon in manna shi a shafina tare da mahaɗin da zai mayar da mutane wurinsu. Na manna, na kuma tura wa kwastomomina cikin farin ciki, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, domin da bakina na ce musu an gwada an yaba.

Manhajata ba ta buɗewa sai ta tuntuɓi sabata, wato kwamfutata da ke kan intanet, a karon farko. Da na duba rajistar, babu ko kwamfuta ɗaya da ta buɗe ta a lokacin da ake cewa editoci suna gwaji. Ko ɗaya. Wani sharhin ma ya yaba yadda take aiki a kan Mac, alhali a Windows kaɗai take tashi. Shi kuwa abin da ya sami mai kemis, wasu daga cikin shafukan sun naɗe fayil ɗina a cikin nasu fayil ɗin sakawa, wanda yake cusa kayan talla kafin ya kai ga manhajata, da sunana a samansa.

Ashe tsohuwar damfara ce. A 2007 wani mai haɗa manhaja ɗan Birtaniya, Andy Brice, ya ɗauki fayil ɗin rubutu wanda abin da ke cikinsa kawai shi ne cewa ba ya yin komai, ya mayar da shi kamar manhaja, ya aika wa shafuka wajen dubu, kuma cikin makonni kaɗan ya samu lambobin yabo 16. Na'ura ce take rabawa, domin ribarsu tana cikin mahaɗin da kake mannawa, shi ne yake ɗaga su a Google ya kawo musu masu kallon talla. Naɗe fayil ɗin mutum ma manyan shafuka sun taɓa yi: a 2011 mai manhajar Nmap ya fito fili ya zargi Download.com da haka, a 2015 kuma masu manhajar GIMP suka yi irin wannan ƙorafi a kan shafin SourceForge. Idan an yi wa waɗannan, ni wane ne? Amma su ba su biya dala 180 don a yi musu ba.

Na rubuta wa mutumin ina neman kuɗina da kuma a cire fayil ɗin. Ya ce aikinsa ɗorawa ne kuma ya ɗora, maganar editoci kuwa ba ta cikin rasit. Shi da ya ce "su gwada da hannunsu". Daga nan bai sake amsawa ba, fayil ɗin kuma yana can ana saukewa da sunana.

Kada ku biya kowa kuɗin tauraro, kada ku manna lambarsu, kwastomominku su sauke daga shafinku kaɗai. Hotunan imel ɗinsa, da rajistar sabar, da rasit biyun, na 120 da na 60, zan saka su da zarar na gama rufe sunayen kwastomomina da suka fito a ciki.