Akwatin tsaga firet: na oda ko na haɗin gida?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana tsakanin biyu, ko ka yi odar akwatin tsaga gurbin firet (ƙarafan nan da ke jere a wuyan jita) da aka ƙera a waje, ko ka haɗa naka da katako. Haɗa naka. Kuɗin da ka tara ka zuba shi a zarto mai kyau, domin zarto ne kaɗai ba ya haɗuwa a shago. Duka biyun sun ratsa hannuna, ɗaya yana kan teburina har yau, ɗayan kuma ban so in tuna ranar da na biya kuɗinsa.

Bari in fara da wanda ya ci mini kuɗi, in sallame shi. Saiti ne na gani a intanet, akwatin alminiyam da zarto da ƙarfen awo mai haƙora, an buga 25.5 a jikinsa, wato na jita mai tsawon tsirkiya inci 25.5. Tsagar da zarton ke bi ta fi kaurin zarton, sai ya riƙa rawa a ciki, gurbi ya fito baki buɗe. Ƙarfen awon kuma da na dawo na gwada shi da rula, haƙori na 12 ya kauce da fiye da milimita ɗaya. Ban gwada ba sai bayan na lalata allon wuyan jitar da na yi wata da watanni ina busarwa. Na gaskiyan yana nan, kamar na kamfanin StewMac da ke Ohio a Amurka, kuma ban ji mai kuka da aikinsa ba. Amma ka lissafa dala da kuɗin jirgi da na kwastan, sannan ka tambayi kanka jita nawa za ka yi a shekara. Idan biyu ce ko uku, bai kai ba.

Nawa kuwa daga ragowar aikin kabad ɗin kicin ya fito. Filawud mai kaurin milimita 18, tsawonsa kamar santimita 60, faɗinsa 15, shi ne gindi. Na samu guntun marke busasshe na goge shi har ya miƙe sak, na kafa shi a tsawon gefe ɗaya da gam da sukuru, shi ne bangon da allo ke jingina. A tsakiya na tsayar da ginshiƙai huɗu, biyu gaba biyu baya, zarto yana bi ta tsakaninsu. Yadda ake samun tazarar shi ne muhimmi. Kada ka auna ta da rula. Kafa biyun hagu tukuna ka tabbatar da sikwayarsu, sai ka jingina zarton kansa a jikinsu, ka matso da biyun dama har su taɓa shi, sannan ka ɗaure. Zarton ya riƙa zamewa sama da ƙasa amma ba ya iya karkata ko kaɗan. Na yi wa ramukan sukurun biyun dama ɗan tsawo, saboda in katakon ya ci in sake matso su.

Sikwaya ta kafinta kaɗai ba ta isa shaida ba. Ɗauki guntun katako mai miƙaƙƙun gefuna biyu, ka tsaga shi a akwatin, ka kifa shi ka sake tsagawa daidai wurin ta ɗayar fuskar. Idan layukan biyu sun hau kan juna, akwatinka ya zauna. Idan akwai karkata, wannan gwaji zai nuna maka ita ninki biyu. Sau uku na kwance ginshiƙan nawa kafin layukan su haɗu, yini guda ke nan, kuma shi ne yinin da ya fi kowane amfani a aikin.

Abin da ya sa nake son akwatin nan shi ne ma'auninsa. Wani makaɗi da ke zuwa shagona ya kawo mini tsohuwar jita mai tsirkiyar roba, ƙirar Sifen, kanta ya karye ƙirjinta ya tsage, ya ce in ga ko da abin da zai moru. Na ɗora dutsen guga a kan allon wuyan har gam ɗin ya saki, na zura siririyar wuƙa na ɓanɓare shi. Firet ɗin kuma na riƙa ɗumama su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfen soda ina zarewa a hankali don kada bakin gurbin ya ɓalgace. Da na auna sai na ga allon na tsirkiya mai tsawon milimita 650 ne, kuma kowane gurbi yana inda ya kamata. Sai na je wurin makaniki na samo fila-geji, siraran ƙarafan nan da suke auna tazarar bawul da fulogi da su, na karya mai kaurin 0.55, na dasa guntunsa a gindin akwatin daidai ƙarƙashin layin zarto, ya leƙo sama da kamar milimita ɗaya. Shi ke nan. Tsohon allo a kife a ƙasa, sabon katako manne a bayansa, gurbin tsohon ya faɗa kan ƙarfen ka ji ƙas, ka tsaga na sama, ka ɗaga ka matsa gaba. Babu fensir, babu lissafi a lokacin yanka.

Ranar da na gama jitar farko da akwatin, makaɗin nan ya zo da la'asar ya zauna a kan benci. Bai yi kiɗa ba tukuna. Ya buɗe manhajar saita murya a wayarsa, ya bi tsirkiya ɗaya firet bayan firet daga sama har ƙasa yana kallon allurar, ni kuma ina tsaye ban iya zama ba. Da ya kai ƙarshe sai ya kife wayar ya fara kaɗawa, har aka kira magariba bai ɗago ba. Alluna da yawa sun bi ta akwatin nan tun daga ranar, abin da na taɓa sauyawa kawai guntun fila-gejin.

In za ka bi wannan hanya, nemi allo mai shimfiɗaɗɗiyar fuska irin na jitar Sifen. Na jitar lantarki fuskarsa a gantsare take, in ka kife shi zai riƙa gilo. Da irin wannan sai ka tallafe gefunansa, ka yi amfani da shi sau ɗaya ka fitar da ma'auni a kan shimfiɗaɗɗen katako, daga nan ka ajiye shi. Mannewa kuma ba sai ka nemi selotef mai fuska biyu ba. Liƙa tef ɗin fenti na takarda a bayan kowane allo, ka ɗiga sufa-gulu tsakanin tef da tef, ka haɗa su layin tsakiya a kan layin tsakiya. Yana riƙewa gam, kuma yana ɓarewa ba tabo.

Kowane ma'auni ka samu, na oda ne ko na tsohuwar jita, auna shi kafin ka yarda da shi. Lissafin ba wuya. Raba tsawon tsirkiya, daga ƙashin sama da tsirkiya ke hawa a kan wuyan zuwa jakin da ke ɗauke da ita a ƙirjin jita, da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan firet na farko. Cire shi daga tsawon, ka sake raba ragowar, ka samu tazarar na farko zuwa na biyu, haka har ƙarshe, kana tara su a lissafi. A tsirkiya 650, na 1 yana kan 36.48, na 5 yana kan 163.05, na 7 yana kan 216.18, na 12 kuma dole ya faɗa tsakiya cif, 325. A tsawon jitar kamfanin Fender, inci 25.5, wato milimita 647.7, na farko 36.35 ne, na 12 kuma 323.85. Na kamfanin Gibson ana ce masa inci 24.75, amma shi ka auna wanda ke hannunka, domin ba duka ne suka yi daidai da lambar ba. Duk awon nan daga ƙashin sama za ka riƙa ɗaukarsa. Wanda ke aunawa daga firet zuwa firet tara kuskure yake yi, ɗan kaɗan na nan ya hau kan ɗan kaɗan na can, kafin ya kai ƙasa ya yi nisa.

Za ka ji tsofaffin masu gyara suna cewa a raba da 18. Dadaddiyar ƙa'ida ce, Vincenzo Galilei, mahaifin Galileo, ya rubuta ta tun 1581. Amma in ka bi ta a tsirkiya 650, firet na 12 zai tsaya wajen 322.6, ya gaza tsakiya da kusan milimita biyu da rabi, sai an matsar da jaki kafin muryar ta zauna. Kai dai riƙe 17.817. Kuma kada kowa ya ce maka milimita ɗaya ba komai ba ce. A firet na 12 tana kautar da murya da kusan kashi 5 cikin 100 na tazarar firet guda, kuma yadda kake ƙara gangarawa ƙasa haka ɓarnarta ke ƙaruwa. Mai kunne yana ji, musamman in an haɗa tsirkiya uku a lokaci ɗaya.

Yanzu zarto, inda na ce ka kashe kuɗi. Yawancin wayar firet an yi ta ne don gurbi mai faɗin inci 0.023, wato kamar milimita 0.58. Zarton yanka ƙarfe na kasuwa yana cin kusan milimita guda, firet zai zauna a ciki yana lilo, ka buga nan can ya tashi. In kuma gurbin ya matse da yawa, ƙayoyin da ke jikin ƙafar firet, wato ɓangaren da ke shiga gurbi, za su riƙa tura katakon, ashirin da wani abu suna turawa tare, sai wuyan ya lanƙwashe baya tsirkiya ta kwanta a kan ƙarfe. Nemi zarto mai ƙarfe a gadon baya, in so samu ne irin wanda ke ci lokacin da ka jawo shi, kamar na Japan, domin siririn zarto in ana tura shi lanƙwasa yake yi. Ka fara sayen wayar firet ɗin, ka tsaga guntun irin katakon da za ka yi aiki da shi, ka buga firet ɗaya ka gani. Ya shiga da ƙaramar guduma ba tare da faɗa ba, kuma farce ya kasa ɗaga shi.

Zurfi kuwa ɗaure siririn katako a gefen zarton ya zama birki, haƙoran su leƙo ƙasa da shi daidai tsawon ƙafar firet da ɗan ƙari kaɗan. Tsaga tun allon yana da kusurwa huɗu, kafin ka tsuke shi ta sama, kafin ka gantsare fuskarsa da samfefa. Bayan gantsarewa gefuna za su yi rashin zurfi, sai ka sake bi da zarton a hannu. Goga kyandir a jikin zarton lokaci lokaci. Kafin ka buga firet, bi bakin kowane gurbi sau ɗaya da fayil mai kusurwa uku, wanda zai cire su nan da shekaru zai sa maka albarka. Wasu suna yin duk wannan da injin zarto na tebur da siririn faifai, yana da sauri ƙwarai, amma na mai yin alluna da yawa ne wanda ba a yawan ɗauke masa wuta.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da kayan nan. Akwai masu ɗora hoton kayan babban kamfani, abin da zai iso maka kwaikwayo ne babu ko suna a jiki. Akwai masu rubuta 0.58 a kwalin zarto alhali yana cin kusan 0.8. Ka ce a tsaga katako a gabanka ko a bidiyo, a zura fila-geji ka gani, wanda ya ƙi ka bar masa kayansa. Wayar firet ta gama-gari haɗin tagulla da nikel ce, ba azurfa a cikinta ko kaɗan duk da ana kiranta azurfar nikel, wani kuma zai sayar maka da ita a kuɗin ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Sa mata fayil, ta ƙarfen tana gardama, ɗayar tana ba da kai nan take. Katako ma haka. An taɓa kawo mini baƙin allo aka rantse mini da asalinsa, na jiƙa tsumma da tina ta fenti na goga, tsumman ya yi baƙi allon ya yi fari. Madobiya ko ƙirya busasshiya da ka san inda ta fito ta fi mini wanda aka rina. Madobiyar ma tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin itatuwa da namun daji ta sa wa ido saboda saran da aka yi mata, ni daga tsofaffin ƙofofi da gadaje nake samun tawa.

Kuma ka kula da lokaci. Allon da aka tsaga aka buga wa firet da damina, in hunturu ya shigo zai tsuke, bakin ƙarafan su fito gefe suna yankar hannu. Bar katakon ya ga hunturu ɗaya a cikin shagonka kafin ka taɓa shi. Akwatin kansa katako ne, shi ma yana motsi, don haka duk sauyin yanayi nakan maimaita gwajin kifawar nan kafin in ɗora allon kirki. In ka kafa ginshiƙanka, tsaga guntu ka kifa shi, ka turo mini hoton layukan biyu in duba maka kafin ka sa gam.