Sabuwar Tecno ko iPhone ta hannu? Ga amsata

Ƙanena, da sefa 150,000 ɗin da ka ce ka tara don wayar da za ka riƙa ɗaukar wasan barkwancinka, tsakanin sabuwar Android a kwali da iPhone ta okaziyo, wato ta hannu, sabuwar za ka saya. Tecno ko Infinix, wadda ta fi kwanta maka a rai, ai duk gida ɗaya suka fito. Na san masu iPhone na wannan zaure za su taso mini. To su taso, amma su bari in kai aya.

Batir ne farko. Mai yini yana ɗauka, ya yanka, ya haɗa, ya ɗora a TikTok da Facebook, babu abin da ke ƙona masa rai kamar waya ta mutu ana tsakiyar aiki, abokan wasa sun riga sun sa kaya sun shafa gawayi a fuska. Wayoyin Tecno da Infinix na wannan kuɗin galibi batirin 5000 mAh ne a cikinsu, kuma sabo fil. iPhone 11, wadda ita za a fi tura maka in ka faɗi abin da ke aljihunka, ta fito a 2019 da batirin 3110 mAh, kuma wannan lissafin ranar da ta baro masana'anta ne. Gaskiya ne tsarin iPhone ya fi iya tattalin caji, ban musa ba. Amma tattali ba ya mayar da batirin da ya sha shekaru a hannun wani ya koma yaro. Sannan ka tuna inda kake zaune. Wutarmu ta arewacin Kamaru yawancinta daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda 'yan Sin suka gina aka gama a 1982, megawat 72 in ruwa ya cika. Da rani ya yi nisa Binuwai ta ja baya, kowa ya san abin da ke biyowa: yau unguwarku, gobe tamu. Tashoshin hasken rana da aka yi a Marwa da Gider sun rage zafi, amma ba su kai ga mutum ya daina tunanin caji ba.

Ga kuma zafin gari. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa a yi amfani da wayarsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Garwa a watan Maris da Afrilu ta wuce 40 ba ta ko waiwaya ba, Kusiri kuwa ba a magana. Kowace waya tana jin wannan zafin, ba iPhone kaɗai ba, sai dai tsohon batir shi ke fara kumbura ya ɗaga gilashi.

Ni Tecno Camon 17 ce ta sa nake wannan bakin. Lokacin gasar cin kofin Afirka, Janairun 2022, da aka kawo rukunin Najeriya nan filin Roumdé Adjia na Garwa, ranar da suka ci Masar ɗaya da nema da ƙwallon Iheanacho, tun hantsi na fita da ita. Na ɗauki ayarin 'yan Yola da Mubi da suka cika gari da ganguna, na ɗauki layin shiga, na ɗauki ihun da aka yi da ƙwallo ta shiga raga, har hannuna na rawa. Wani bawan Allah daga Jimeta da ke kusa da ni, tasa wayar ta mutu tun ana hutun rabin lokaci, da tawa ya kira gida ya ce wa matarsa ta duba talabijin ko za ta hango shi. Bayan magariba muna cin kifi a bakin titi ina ta tura wa 'yan'uwa bidiyo, ita kuwa ko gezau. Yanzu tana hannun ƙanwata, an sauya mata gilashi an sauya bakin caji, duk a nan cikin kasuwa aka yi, ba a aika Duwala ba.

Wannan zancen gyara kada ka raina shi. Tecno, Infinix da Itel duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen, kuma tun farko kasuwar Afirka suka nufa, ba ragowar kayan Turai suka kwaso mana ba. Su suka yayata waya mai sim biyu tun muna raina ta, suka buɗe wurin haɗa waya a Habasha, suka sa wa kyamararsu dabarar gane baƙar fata don kada fuskarka ta fito kamar inuwa in haske ya yi ƙasa. Suna da sashen gyara na kansu, Carlcare, kuma kowane yaro mai teburin gyara daga babbar kasuwar Garwa har Ngaundare yana da gilashinsu da batirinsu a aljihun tebur. Gilashin iPhone na asali kuwa, in ka same shi, kuɗinsa zai sa ka zauna. In ka sa na jabu, kalar ta canza, wayar kuma ta riƙa yi maka gargaɗi.

Sim biyu ma ba ado ba ne a wurinmu. MTN da Orange, wani lungun wannan ke kamawa, wani lungun wancan, kuɗinka na waya kuma yana kan ɗaya, datarka mai araha tana kan ɗayan. Wanda ke tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena zai buƙaci Airtel ko Moov, mai zuwa Mubi zai buƙaci layin Najeriya. Yawancin iPhone gurbin sim ɗaya ne, na biyun sai eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da kati ba, in ban da waɗanda aka yi wa kasuwar Sin da Hong Kong. Waɗanda aka yi wa Amurka kuwa daga iPhone 14 zuwa sama babu gurbin sim ɗin ma sam. In an nuna maka irin wannan da gurbi a jiki, to wani ne ya huda ta.

Ban ce Tecno waliyyiya ce ba. Tana zuwa da tarkacen manhajoji da ba ka roƙa ba, talla na faɗo maka a fuska sai ka zauna ka kashe su ɗaya bayan ɗaya, sabunta tsari kuma ba ya daɗewa. A 2020 masu binciken tsaron intanet sun gano wata muguwar manhaja da ta zo tun daga kwali a cikin dubban Tecno W2, tana cin data tana yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba, kuma Kamaru na cikin ƙasashen da aka ambata. Kamfanin ya ce daga wani mai kawo musu kaya matsalar ta shigo. Tsohon zance ne a kan tsohuwar waya, amma na faɗa don kada a ce an biya ni.

iPhone fa? Bidiyonta ya fi, ba ya rawa sosai in kana tafiya, kuma ba ya lalacewa da yawa in an ɗora shi a TikTok. Apple na daɗewa yana aiko da sabuntawa. In kana da kuɗin sabuwa ko mai tsabta daga hannun wanda ka sani, bismilla. Iyakar yabon da zan yi mata kenan.

Abin da na lura shi ne, rabin masu neman iPhone ba bidiyo suke nema ba, hoton madubi suke nema, a ga tambarin tuffa da idanu uku a bayan waya. Mawaƙa da 'yan fim na Kano sun riƙe ta a hannu, 'yan TikTok sun ɗauka, yanzu har a wurin neman aure ana leƙen wayar saurayi kafin a leƙi sana'arsa. Ba laifi mutum ya so ado. Amma kai dariya kake sayarwa. Duba bidiyon barkwancin da suka fi yawo a wayoyinmu, na Hausa da na Fulatanci: da yawansu hoton bai taka kara ya karya ba, maganar ce ke fita tsaf. Mutum zai jure hoto mai hazo, amma ba zai jure muryar da iskar hunturu da ƙarar babura suka cinye ba, zai wuce gaba kafin ka kai inda abin dariyar yake. Don haka wayar kada ta cinye kuɗin duka. Ka tsaya a wajen 110,000 zuwa 120,000, ragowar ka sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, pawa bank mai kyau, da sandar ɗora waya mai ƙafa uku. Haske kuwa kyauta ne: ka ɗauka da safe ko bayan la'asar, rana na fuskantar mai magana.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka halin wasu masu sayarwa, don kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Okaziyon da ke shigo mana, ko ta Avenue Kennedy ta Yawunde ta biyo, ko ta Kano, akwai mai kyau akwai wadda aka yi wa kwalliya. Ana ɗaukar iPhone XR ta 2018 a sa mata rigar 13 Pro, ido uku a baya amma ɗaya ne ke gani. Shiga saituna ka karanta sunan wayar da idonka. Ana yi wa lafiyar batir dabara ta nuna 100 alhali ya gaji. Ana sauya gilashi, Face ID, wato buɗe waya da fuska, ya daina aiki, a ce maka "ƙaramin abu ne". Mafi muni ita ce mai kullen iCloud: in asusun tsohon mai ita na ciki, ranar da aka goge ta ta zama dutse, babu mai gyaran da zai buɗe maka ita buɗewar gaskiya, kuma sau da yawa ta sata ce, kai za a kama da ita. Duk wanda ya ƙi a goge waya a gabanka a sake kunna ta, ka tashi ka bar masa kayarsa. Su iPhone 6 da 6 Plus kuwa ko kyauta kada ka karɓa, WhatsApp ya daina aiki a kansu tun 2025.

Sabuwar ma ba ta tsira ba. Akwai kwalin da aka buɗe aka sake liƙewa, an zare caja ta asali an sa ta banza. Danna *#06#, lambar IMEI da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali. In an ce maka RAM ɗinta 16, duba da kyau, sau da yawa 8 ce ta gaskiya, sauran 8 aro ne daga ma'ajiyar waya, ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ka karɓi rasit mai tambarin shago da lambar wayar a rubuce. Masu talla a Facebook da ke cewa ka fara turo kafin alƙalami ta Mobile Money a sako maka a mota, ba su da shago, ba su da waya, kuɗinka kawai suke jira.

Akwai wani dalilin da ya sa ba na son matashi ya zuba duk abin da ya mallaka a ƙarfe ɗaya, shi ne makunnin intanet ba a hannunmu yake ba. 'Yan'uwanmu na Chadi sun zauna daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 babu WhatsApp babu Facebook sai ta VPN, manhajar zagaye toshewa, ga tsadar data. A nan Kamaru an yanke wa yankunan masu Ingilishi intanet daga Janairu zuwa Afrilu 2017. A Oktoban 2020 an tashi cire kuɗin duwan, wato kwastan, na kashi 33 cikin ɗari na darajar sabuwar waya kai tsaye daga kiredin mai ita, sai da aka yi ca a intanet sannan fadar shugaban ƙasa ta dakatar. Ranar da rezo ya ɗauke, iPhone da Itel duk fitilar hannu ne. A irin wannan ranar wanda ya ci riba shi ne mai babbar ma'ajiya da gurbin memori, wanda zai tura wa abokai bidiyonsa ta Xender a majalisa, ya bi gari hannu da hannu. iPhone ba ta taɓa zuwa da gurbin memori ba, kuma yawancin na arahar 64 GB ne, bidiyon sati biyu ya cika ta.

Tun da barkwanci kake yi, kuma na ga kana ɗan taɓa 'yan siyasa, ka san cewa dokar Kamaru ta 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko ɗaya daga cikin biyun, ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. Ni ina ganin ana miƙa wannan doka fiye da inda ya kamata ta tsaya, kuma shugaban da ba ya jure a yi masa dariya yana da sauran aiki. Amma ra'ayina ba zai fito da kai daga ofishin 'yan sanda ba. Ka yi wasa da hali, kada ka ƙirƙiri labari ka jingina wa mutum da sunansa. Ka sa wa wayar lambar sirri mai tsawo, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook, don masu sace shafi sun fi son wanda ya fara tara mabiya.

In ka je shago, tsakanin mai yawan megafiksel da mai 256 GB, ɗauki mai 256. Ka tambaya ko tana da gurbin memori, don wasu sababbin Camon da Note sun cire shi. Ka ɗauki bidiyon gwaji a bakin ƙofar shagon, ka saurari muryar kafin ka ƙirga kuɗi. In ka rasa zaɓi tsakanin guda biyu, turo sunayensu nan zaure kafin ka biya, zan duba maka.