i7, EQS, Taycan ko Tesla: kafin Alhaji ya tura wa dillali kuɗi

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 hirar mota ta sauya a majalisa, har waɗanda ba su san kuɗin lita ba saboda direba ke zuwa gidan mai sun fara tambayar motar lantarki. Su dai manya ba tsadar mai ce ta dame su ba, sha'awa ce kawai, kuma gaskiya akwai abin sha'awar. Ranar da na fara shiga ɗaya a Abuja har mun fita get ina jiran in ji an tayar da inji, ashe tafiya muke, ba ƙara ba jijjiga sai iskar esi. Da mai motar ya ɗan taka kuwa sai da ƙeyata ta daki kujera, don ita ba ruwanta da jiran giya, ƙarfin nan take yake zuwa gaba ɗaya. Ba juyen baƙin mai, ba filogi, ba salansa.

To amma kafin a kai ga suna, Alhaji a ina za ka zauna, gaba ko baya? Nan ne rabin amsar.

In kai mai zaman baya ne direba na ja, BMW i7 ce taka, ban ma ga abin gardama ba. A 2022 ta fito kuma jikinta ɗaya da 7 Series mai shan fetur, wato ko daga nesa an san babban mutum ne ya iso. A baya akwai allo mai faɗin inci 31 da ke saukowa daga rufi kamar talabijin ɗin falo, kujera ta kwanta ka miƙe ƙafa, batirinta ya ɗan haura 100 kWh, wato yunit 100 na wuta. Mercedes EQS ta riga ta fitowa da shekara guda, ta fito da batiri mai wajen 108 kWh, kuma an ƙera ta sumul kamar ƙwai don iska kada ta riƙe ta, shi ya sa take nisa da caji ɗaya. A gaba ana iya sa mata gilashin nan mai inci 56 da ya cinye dashbod tun daga wannan ƙofa zuwa waccan, tayoyin baya ma suna ɗan karkata, sai ka ga doguwar mota ta juya a lungu kamar ƙarama. Sai dai siffar ƙwan nan ta sa rufin baya ya yi ƙasa, dogon mutum mai doguwar hula zai ji a jikinsa, kuma ni a idona ba ta da kwarjinin S-Class ko kaɗan, in ta faka a wajen ɗaurin aure sai ka ce wata babbar Honda ce.

In kuma kai ke riƙe sitiyari da kanka, Porsche Taycan. Tun 2019 take kasuwa, tsarin wutarta bolt 800 ne, a babbar caja samfurin farko na tashi daga kashi 5 zuwa 80 cikin minti 22 da rabi, kuma a kwana tana kama titi yadda sauran ba sa yi. Amma tana ƙasa sosai, baya a matse, ka gwada fita daga cikinta da babbar riga a gaban jama'a ka ba ni labari. Tesla Model S ita ce yayarsu duka, 2012, kuma samfurin Plaid mai ƙarfin doki 1,020 yana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai, abin da ban san inda za ka yi da shi tsakanin Wuse da Maitama ba. Manhajarta ta fi ta kowa sauƙin sha'ani, cikinta dai fayau yake, wanda ya saba da katako da fatar Marsandi zai ga kamar ba a gama aikin ba. Akwai kuma Lucid Air, wadda asusun zuba jari na Saudiyya ke da kaso mafi tsoka a kamfaninta, ita ce gwanar nisa, an auna wani samfurinta mil 520 a Amurka wato kilomita 830 da ɗoriya, matsalarta a nan wa zai taɓa maka ita in ta yi tari.

Duk waɗannan motocin kwalta ne masu nauyin tan biyu zuwa sama, suna cin taya, kuma batirin a ƙasan ciki yake shimfiɗe. Mai zuwa gona ko ƙauye da damina ya duba G-Wagon ta lantarki, G 580 da ta fito a 2024, kowace taya da nata injin lantarkin, tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 85.

Yanzu ga inda ake yin ta, caji. Da caja ta bango mai 11 kW a gidan da ke da wuta layi uku EQS na cika cikin awa 10, ka jona da dare ka tashi da safe. A soket ɗin ɗaki kuwa kusan kwana biyu ne, in ba a ɗauke ba ke nan. A farashin Band A (rukunin da ya fi samun wuta) na Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, cika ta bai kai naira 25,000 ba, ka kwatanta da cika tankin babbar jif. Solar gida mai 5 kW za ta iya ɗaukar zirga-zirgar cikin gari, don kilomita 50 ba ta wuce yunit 10 zuwa 12, amma cika batiri daga ƙasa sai ta yi kwana huɗu ko biyar tana fama. Abuja zuwa Kano kilomita 400 ne da ɗoriya, a takarda duk za su kai, amma alƙaluman takarda ba a zafin watan Afrilu aka auna su ba da esi a ƙure ana gudun 140. Wuraren caji na jama'a ba su da yawa, an buɗe ɗaya mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato tun 2021, amma kada ka ɗora tafiyarka a kan za ka samu a hanya, ka tabbatar akwai inda za ka jona in ka sauka.

Abin da dillali ba zai fara gaya maka ba shi ne bakin caja. Motar da aka yi don Amurka bakinta daban, ta Turai CCS2 ce, ta Sin GB/T, ita Tesla ta Amurka ma nata daban, sai ka nemi adafta ko ka zauna kana kallon caja. In kuma ta hannu ce, EQS da Taycan suna faɗuwa a farashi da wuri, wanda alheri ne ga mai saye, amma ka sa a jona kwamfuta a karanto maka lafiyar batiri, ka bi lambar jikinta ka ga ko daga gwanjon motocin hatsari ko ambaliya ta fito. Batirin da ruwan gishiri ya shiga yana iya kamawa da wuta bayan makonni yana fake a gareji, kuma garantin shekara 8 da akasarinsu ke bayarwa ba ya bin irin wannan motar.

Ni da kuɗina i7 zan ɗauka, don ƙafafu da fitilu da gilashi da yawancin kayan jikinta irin na 'yar'uwarta mai fetur ne, bakaniken da ya san BMW ba zai tsaya yana kallonta kamar baƙuwa ba. Sannan Land Cruiser ɗin nan kada a sayar, a bar ta saboda tafiyar Sallah.